Itacen da Ke Kwana a Firji

Abhur, Jidda
9 ga Disamba

Zuwa ga Kawu Zaharadden,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Innata da duk mutanen Sakwaya da na cikin Dutse. Ni ma lafiya lau, sai dai zuciyata ba a kwance take ba. Tunda kunnenka ba ya ɗaukar muryar waya, na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo wa 'yarka Rabi'a, ta zauna kusa da kai ta karanta maka.

Kawu, yau wata biyu ke nan ina gidan Alhaji Abdulghaffar. Gidan kusa da teku yake, iskar ma jiƙaƙƙiya ce, mutum ya yi wanka ya fito kamar bai yi ba. A bayan gida akwai lambu, lemun tsami da gwanda da ɓaure da zogalen Hajiya. Waɗannan duk na iya su, har gwandar ta fara ɗaukar 'ya'ya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wani itace. Guda biyar ne a tukwanen roba, tsayinsu bai wuce gwiwa ba. Sunansa wai haskab, wasu kuma suna ce masa 'ya'yan zuma. 'Yar Alhaji, Maha, wadda ke aure a Kanada, ita ta samo masa. Na ga hoton 'ya'yan, kamar ɗinya ce aka ja ta ta yi tsawo. To Kawu ka san inda ake ajiye su? A firji. Wallahi a firji, irin na masu sayar da lemo, mai ƙofar gilashi, ya fi ni tsawo. Alhaji shekara arba'in ya yi yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, shi ya haɗa abinsa. Kwana uku da zuwana muka saka su ciki ni da shi. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, ranar Juma'a kawai za ka buɗe, kofi ɗaya na ruwa kowacce. Ƙarshen Janairu su fito. Halas, shi ke nan." Daga nan shi da Hajiya suka tafi Kanada, Maha ta haihu.

Tun da suka tafi ganyen ke zuba. Ya yi rawaya, ya yi ja, ya faɗi. Yanzu ba ko ɗaya, tsinke ne zalla. Ɗan Alhaji, Badr, yana leƙowa ranar Juma'a, yana jin Hausa amma ba ya son mayarwa. Na nuna masa na ce sun mutu, ya yi dariya ya ce, "Baba da shajaransa, itatuwan nan, mushkila ce, matsala kawai. Kai dai ba ruwanka." To ya za a yi ba ruwana? Mu da muke rufa wa renon tumatir ciyawa in sanyi ya matsa, ni in tsaya ina kallon abu mai rai ta gilashi yana daskarewa?

Shi ne jiya na fito da ɗaya. Na zaɓi ƙaramar cikinsu, mai jan fenti a bakin tukunya, na ce ko ta mutu ita ce ƙarama. Na sa ta gindin lemo inda za ta riƙa shan hantsi.

Kawu, Alhaji ya ce wata shida ne gwaji. In hannuna ya yi kyau kamar yadda ka faɗa masa lokacin da kuka haɗu a aikin Hajji, zai sabunta mini iƙama, takardar zama, in zauna. In bai yi ba, jirgi. Ni ba jirgin ya fi damuna ba, maganarka ce. Kai ka ce masa duk abin da Ya'u ya dasa sai ya kama. Ka faɗa mini yadda zan yi.

A gaida kowa da kowa.
Ɗanka, Ya'u

*

Sakwaya
14 ga Disamba

Ya'u,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, an karanta mini sau biyu. Muna lafiya, mahaifiyarka tana gaishe ka.

Tambaya ɗaya zan fara yi maka. Wa ya aike ka? Mai gida ya ce kofi ɗaya ranar Juma'a. Bai ce ka ji tausayi ba.

Shekara nawa ka yi kana noma a ƙarƙashin gawon gonarmu ta gabas? Da damina, kowane itace ya yi kore, shi kaɗai yake tsirara. Ka taɓa ganin na ɗauko masa gatari? Kowane itace da lokacin barcinsa. Wannan na ƙasar sanyi ne, mai yiwuwa sai ya kwana cikin sanyi yake tashi da ƙarfi. Ni ban san shi ba. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana aikin sanyi ya fi ni da kai sanin sanyi.

Ka sa farce ka ɗan kankare bawon kowacce, kaɗan, ba yanka ba. In ka ga kore a ƙasa, tana da rai. Wadda ka fitar ka mayar da ita. Sannan ka rubuta wa Alhaji abin da ka yi, da hannunka, kafin ɗansa ya faɗa masa.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka, Zaharadden

Ƙari daga mai rubutu: Kai Ya'u, kowa ya je Saudiyya hoton Ka'aba yake turowa, kai ka turo mana tsinke a firji. Na nuna a gidan bikin su Fauziyya, an ce a tambaye ka ko albashin gadin firji ya fi na gadin ƙofa. Rabi'a.

*

Abhur
3 ga Janairu

Zuwa ga Alhaji Abdulghaffar,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, ina gaida Hajiya da mai jego da jariri, Allah ya raya. Gida lafiya, lambu lafiya.

Alhaji, akwai laifin da na yi, akwai kuma albishir. Laifin shi ne na fitar da haskab ɗaya daga firji tun farkon Disamba, mai jan fentin nan, don na ɗauka duk sun mutu. Kawu ya ce in mayar da ita, amma da na je sai na ga idanunta sun kumbura, na kasa. Na kankare sauran huɗun, duk kore ne, suna nan a ciki ban fitar da su ba.

Albishirin kuwa, Alhaji ta tashi! Ta yi ganye, kuma shekaranjiya ta fara fure. Furen kamar na riɗi ne amma ƙanana, biyu-biyu suke fitowa, fari da ɗan rawaya. Na ƙirga wanda ya buɗe da wanda bai buɗe ba sun fi sittin. Ga hoto nan. Kafin ka dawo in Allah ya yarda za ka tarar da 'ya'ya.

Yaronka, Ya'u

*

Kanada
4 ga Janairu

Ya'u,

Wa alaikumus salam. La haula wala ƙuwwata illa billah.

Na ga sura, hoton da ka turo. Fure mai kyau. Ba zai yi ɗa ko ɗaya ba.

Ka ji, ya waladi. Huɗun nan 'yan ɗaki ɗaya ne, iri ɗaya, ba su haihuwa da juna. Mai jan fenti dangi daban ce. Don haka na sa mata fenti, ba don ado ba. Lazim, dole, su yi fure rana ɗaya, garin furenta ya je kan nasu, nasu ya zo kan nata. Yanzu ita ta tashi, su suna barci. Ko yau ka fito da su, sati uku kafin su buɗe, nata ya zube tuntuni. In ka mai da ita tallaja, firjin nan, sanyi ya ƙone furen. Ka gane? Cikin biyar ka zaɓi wadda ba ta da madadi.

Shekara uku ina wannan abu. Shekarar farko zafi ya kashe mini biyu. Bara ɗaki mai mukayyif, na'urar sanyi, na sa su, sanyi bai isa ba, ganye kawai. Maƙwabta suna ce mini majnun, mahaukaci, Badr ma yana faɗa a bayana, na sani. Bana na ce bana ce.

Kawunka mutumin kirki ne, kakana daga garinku ya taso da ƙafa, don haka na karɓe ka ban tambayi kowa ba. Ban ce ba ka da hannu ba. Kunne ne ba ka da shi.

Kada ka ƙara taɓa komai. Huɗun su fito ƙarshen wata kamar yadda na ce. Ina dawowa ashirin ga Fabrairu, sai mu yi maganar tikiti.

Abdulghaffar

*

Abhur
5 ga Janairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na turo wa Rabi'a takardar Alhaji ta karanta maka, ni ba zan iya maimaitawa ba.

Kawu na ɓata. Kuma ka ce in mayar da ita ban mayar ba. Tun jiya abinci ba ya shiga. In na fito lambu na ga furen nan yana ta buɗewa abinsa, sai in ji kamar in tona rami in shiga.

Yau na hau mota na je Bani Malik, inda 'yan ƙasarmu suke da yawa, don in ji Hausa ko na samu sanyi. Akwai wani Jabiru mutumin Ringim, tela ne, shekararsa tara a nan ba takarda, umara ya zo ya zauna. Ya saya mini tuwo, na ba shi labari. Ya yi dariya har ya ajiye cokali. Ya ce, "Kai ɗan Dutse, a kan tsinke za a sa ka a jirgi? Tattaro jakarka kafin tsohon ya sauka. Ga tabarma a shagona, ga aikin lodi a kasuwa. Wa ya san ka a garin nan?" Na ce ai Kawuna ya san ni. Ya ce, "Kawunka yana Sakwaya, kai kana Jidda. In ka koma da jaka ɗaya wata huɗu da tafiya, 'yan majalisar bakin masallaci za su tambaye ka me ya faru, ka ce musu fure ne?"

Na lura duk motar da ta tsaya a ƙofar shagon sai ya ɗaga kai ya daina taka keke. Sau biyar ina ƙirgawa.

Kawu ban san abin da zan yi ba. In na dawo na kunyata ka, in na gudu na kunyata ka. Furen kuma kwana goma ya rage masa, ko bai kai ba.

Ɗanka, Ya'u

*

Sakwaya
6 ga Janairu

Ya'u,

Wa alaikumus salam. Na sa Rabi'a ta ajiye girki ta rubuta wannan, don furen ba zai jira ba.

Maganar tela, a bar ta nan. Ka shiga gidan mutum ta ƙofa, ta ƙofa za ka fita, ko da jirgin ne. In ka dawo gonar gabas tana nan.

Yanzu ka buɗe kunnen da aka ce ba ka da shi. Satin nan muke barbarar dabino. Ka manta namijin bakin rafi? Kullum shi yake riga matan buɗewa, wata shekarar da sati uku, wata da wata guda. Mun taɓa zama muna kuka? Yanko furen muke yi ranar da kwanson ya tsage, mu shanya a inuwa a kan takarda, garin ya zubo, mu naɗe mu ajiye inda ba danshi ba zafi. Ranar da mace ta buɗe mu hau mu kaɗa mata. Kai da kanka ka riƙe mini igiya shekara shida.

Ban ce haskab dabino ba ce. Ban san ko garinta yana jure ajiya ba. Amma gari gari ne, kuma zuba zai yi a ƙasa ko ka ɗiba ko ba ka ɗiba ba. Ka tsinki furen da safe in raɓa ta bushe, wanda ya buɗe a ranar. Hannunka ya zama busasshe. Wurin shafawa ka sami gashin kaza mai laushi.

Abu ɗaya. Mutumin ya ce kada ka taɓa komai. Saboda haka ka tambaye shi tukuna, ka faɗa masa daga ina dabarar ta fito. In ya ce a'a, a'a ce.

Kawunka, Zaharadden

Ƙari: Baba ya hana ni tsokanarka yau, to na bari bashi. Ka ci abinci, Inna ta ce a hotonka da ka turo wuyanka ya yi kamar na zalɓe. Rabi'a.

*

Abhur
24 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, ban so in rubuto ba sai da abin faɗa. Har yanzu ma ban san ko akwai ba, amma ga yadda aka yi.

Na tambayi Alhaji kamar yadda ka ce. Amsarsa layi biyu ce. Ya ce, "Yi. Ba abin da ya rage da za ka ɓata." Can kuma ya ƙaro, "In ya bushe sa shi a kwalba mai murfi, kwalbar a tallaja." Tallaja ita ce firji a bakinsu.

Kwana takwas ina tsinkar fure. Kawu garin nan ba kamar na dabino ba ne da ke tashi kamar hayaƙi. Ɗan mitsitsi ne, sai na kawo ido kusa nake ganin rawaya a kan takarda. Sau ɗaya na yi atishawa, aikin kwana biyu ya tafi. Daga ranar nake ɗaure hanci da ƙyalle. Duk abin da na tara bai cika bayan farce ba. Na wanke kwalbar turare na shanya ta kwana uku, na naɗe garin a takarda na saka.

Ƙarshen Janairu na fito da huɗun, na yi musu rumfa da raga a gefen da rana ba ta daɗewa. Sati biyu da kwana huɗu suka fara buɗewa. Tun kafin su buɗe sai matsalar gashin kaza. Kawu kajin garin nan tsirara suke zuwa daga kanti, a daskare cikin leda, ban taɓa ganin mai gashi ba. Na tambayi Badr ya ce, "Gashin dajaj? Me za ka yi, sihiri?" Na yi masa bayani, ya kalle ni ya kalli itacen ya ce, "Yanzu majanin, mahaukata, sun zama biyu." Amma Juma'ar da ta zagayo sai ga shi da gashin tattabara cike da ambulan, wai abokinsa Mish'al yana kiwonsu a saman bene.

Kullum da hantsi nake bi fure-fure. In taɓa garin da bakin gashi, in shafa a tsakiya, in ɗaura zare a reshen don kada in maimaita. Garin bai isa duka ba, ya ƙare a itace na uku.

Alhaji ya sauka ina kan na ukun. Ko ɗaki bai shiga ba ya zagayo baya da rigar sanyinsa a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ci gaba, fure ba ya jiran gaisuwa." Ya jawo kujera ya zauna yana kallona har na gama. Sai ya ce in ba shi gashin. Ya juya shi ya juya, ya ce, "Kawunka haka yake hawa dabino, da wannan?" Na ce a'a, can reshen furen ake kaɗawa gaba ɗaya. Ya ce, "Shekararsa nawa?" Na ce sittin da bakwai. Ya ce, "Kuma yana hawa?" Na ce yana hawa, an hana shi ya ƙi. Ya ce, "Majnun na uku."

Bai yi maganar tikiti ba, ni ma ban yi ba. Jakata dai a ɗaure take. Mai jan fentin ta zubar da furenta ba ta riƙe komai ba, yadda ya faɗa. Na sauran ma ya fara bushewa yana faɗuwa. Alhaji ya ce haka yake, abin dubawa shi ne gindin furen, ko ya kumbura ko ya faɗi tare da shi. Kullum sai na tarar ya riga ni fitowa, ya sa gilashin ido yana leƙen reshe. In ya ji tafiyata sai ya miƙe ya ce zogalen Hajiya ya zo dubawa.

A sa mu a addu'a a kwanakin nan.
Ɗanka, Ya'u

*

Abhur
6 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, a gaida Inna.

Goma sha ɗaya suka kama. Tsuntsu ya sha biyu, zafi ya zubar da uku. Shida sun nuna, shuɗi mai duhu.

Jiya bayan la'asar Alhaji ya tsinke su a faranti. Ya ci ɗaya, ya runtse ido. Ya ba Hajiya, ta ce, "Shekara uku a kan wannan tsamin?" Ya ba ni ɗaya. Da tsami Kawu, amma can ƙarshe akwai zaƙi. Sauran ukun ya rufe da kofi ya ɗauka da kansa ya shiga gidan maƙwabcin da ya fi yi masa dariya.

Da ya dawo ya miƙo mini awo ya ce in auna bangon da ke gefen firji. Na ce na mene ne, ranka ya daɗe? Ya ce, "Tallaja ta biyu. Guda goma nake so baɗi. Yalla, maza kawo iƙamarka, gobe Badr zai je a sabunta."

Kawu, a nemi wanda zai yi maka sharar gona bana. Ba zan samu zuwa ba.

Ɗanka, Ya'u